Takardar shirin tafiya roƙo ce, izini yana bakin hasumiya

Sabon matuƙin jirgin sama yakan ɗauka cewa da ya miƙa takardar shirin tafiya a ofishin ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, na filin jirgin Garwa a Kamaru, an ba shi hanya ke nan. Ba haka ba ne. Takardar roƙo ce kawai, kuma doka ta ce a miƙa ta aƙalla minti 60 kafin tashi.

Kuskuren da ya fi yawa yana gurbi na 13 na takardar, inda ake rubuta filin tashi da lokaci. Agogon Kamaru da na Cadi suna gaban UTC, agogon duniya da ake cike takardar da shi, da awa ɗaya, don haka ƙarfe 9 na safe a Garwa 0800 ne a takarda: FKKR0800, inda FKKR ke nufin filin Garwa. Wanda ya rubuta 0900 zai kira hasumiya a ce masa lokacinsa da saura. Idan kuma jinkiri ya wuce minti 30, a aika saƙon DLA na sanar da jinkiri, ko a soke a sake sabuwa.

Gurbi na 15 na gudu ne da tsayi da hanya. Daga Garwa zuwa Njamaina arewa maso gabas aka nufa, tsayin sai ya zama mara, kamar F170 ko F190, wato kimanin ƙafa dubu 17 ko dubu 19. A dawowa cika ne, F160 ko F180. Gurbi na 16 kuwa, inda ake rubuta filin sauka da filin ko-ta-kwana da za a juya zuwa in saukar ta gagara, a lokacin hunturu ba abin cikewa da ka ba ne. Hazon da ya rufe Njamaina yana iya rufe Marwa, da ke tsakanin Garwa da Njamaina, a yini guda, to kusancinta bai amfana komai ba. A duba rahoton yanayi tukuna, a auna mai da filin da aka zaɓa, sannan a ƙara ajiyar minti 30 ta ƙarshe in jet ne.

Sai izinin kansa. Mai hasumiya zai faɗi inda aka yarje ka kai, hanyar fita, tsayi, da lambar tiransfonda, na'urar da ke nuna jirgi a rada, mai alƙaluma huɗu, daga 0 zuwa 7. A rubuta, a maimaita masa ɗaya bayan ɗaya. Haɗarin a nan shi ne kunne ya ji abin da ya saba: ka roƙi 190, an ba ka 150, ka maimaita 190. Mai hasumiya ma aikinsa ne ya kama kuskuren, amma rediyo na ƙara, ga Faransanci da Turanci suna karo a zango ɗaya. In da shakka, a ce ya sake faɗa, ba abin kunya ba ne.

Izinin hanya kuma daban yake da izinin tashi. Cakuɗa su na cikin abin da ya jawo karon jirage biyu a filin jirgin tsibirin Tenerife a 1977, mutum 583 suka rasu. Tun daga nan ba a furta kalmar tashi a rediyo sai ana ba da izinin ko ana janye shi.

Wanda ya sauka a ƙaramin fili marar hasumiya, ya kira ya rufe takardarsa. In minti 30 ta wuce lokacin isowarsa shiru, za a shelanta INCERFA, wato matakin farko na fargabar ɓatan jirgi, a fara cigiyarsa, alhali yana zaune yana shan shayi.