Inda na kai a gyaran na'urar faifai da ta ƙi hawa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyon gyaran kwamfuta. Wannan bayani ne na inda aiki ya kai a kan tsohuwar kwamfutar tebur da nake koyo da ita a nan Jidda, wadda na saya a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh na sa mata Ubuntu, wani nau'i na babbar manhajar Linux. Abin da ya sa na damu da na'urar faifanta, alhali yawancin kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da ita, shi ne wata Hajiya maƙwabciyarmu ta ba ni jaka cike da faya-fayai, wasu na karatun tafsiri, wasu na bukukuwan 'ya'yanta da aka ɗauka a Kano, wasu kuma na hotunan iyali, tana so a mayar mata da su cikin waya kafin su lalace. Da na saka na farko sai na'urar ta ja shi ciki, ta ɗan yi ƙara, ta yi shiru, kuma babu abin da ya fito a allo.

Abin da wannan aiki ya koya mini shi ne kada a yanke wa na'ura ko faifai hukunci kafin a gano inda tafiyar take tsayawa. Kafin faifai ya hau, wato fayilolinsa su bayyana a buɗe su, dole kwamfuta ta fara ganin na'urar, sannan na'urar ta gane cewa an sa mata faifai, sannan babbar manhaja ta fahimci tsarin da aka rubuta shi da shi. Duk inda aka sami cikas a cikin waɗannan, abin da mutum zai gani ɗaya ne, allo babu komai, amma maganin ya sha bamban.

Ganin na'urar bai ba ni wahala ba. Na rubuta lsblk, umarnin da ke jero na'urorin ajiya, a tagar umarni, sai sr0, wato sunan da Linux take kiran na'urar faifai da shi, ya fito a cikin jerin, alamar cewa wayar SATA mai ƙafa 7 da ta wuta mai ƙafa 15 duk sun zauna daidai. Ku lura da cewa lsblk yakan rubuta 1024M a gaban sr0 ko da babu faifai a ciki, saboda haka wannan adadi ba hujja ba ce ta cewa an karanta wani abu. Ga masu amfani da na'urar waje a kan laftof kuwa, a nan ne matsala ta fi yawan ɓuya, domin kafar USB 2.0 tana ba da miliamfa 500 ne kawai, ta 3.0 kuma 900, kuma injin da ke juya faifai ya fi jan wuta a daidai lokacin da yake tashi. Shi ya sa ake haɗa wasu na'urorin da waya mai kai biyu, kuma ya kamata a soka duka kawunan. Wanda ke kan Windows ya duba Device Manager, idan ya ga lambar kuskure 19 ko 39 a kan na'urar, galibi saura ne da wata manhajar buga faifai ta bari a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, a ƙarƙashin UpperFilters da LowerFilters, kuma a ajiye kwafin rajistar kafin a taɓa su.

Tawa matsalar tana mataki na biyu. Da na umarci kwamfutar ta hau da faifan da hannu, sai ta amsa cewa ba ta sami faifai a cikin sr0 ba, alhali yana ciki. Na kashe wuta, na kwance na'urar, na ɗaga murfin ƙarfen, sai ga idon, ɗan ƙaramin gilashi da bai kai ƙwayar wake ba, ya yi dishi-dishi da wata ƙura mai maiƙo. Wanda ya san Jidda ya san yadda laimar Bahar Maliya take haɗuwa da ƙura ta manne a jikin komai. Na jiƙa audugar goge kunne da sifirit mai suna isopropyl, na shafa idon a hankali ba tare da dannawa ba, domin yana rataye ne a kan siraran wayoyi masu ba shi damar hawa da sauka, kuma idan suka lanƙwashe to an gama da shi. Ina roƙonku kada ku leƙa cikin idon idan na'ura tana kan wuta, musamman da yake hasken da ke karanta CD kusan ba ya ganuwa, amma yana iya cutar da gani.

Bayan gogewar sai na sami rabin nasara, kuma wannan rabin ne ya fi ilimantar da ni. Duk faifan DVD da na saka yana hawa, amma kowane CD sai na ji na'urar ta juya shi, ta ɗan yi ƙas-ƙas tana neman saiti, ta sake juyawa, sannan ta haƙura. Dalilin shi ne na'urar tana ɗauke da hasken leza iri biyu: ja mai tsawon zango nanomita 650 domin DVD, da wani mai nanomita 780 domin CD. Ɗaya yana iya raunana ɗayan yana nan garau. Saboda haka duk wanda zai gwada na'ura ya tanadi faifai biyu masu lafiya na buguwar kamfani, CD ɗaya da DVD ɗaya, domin faifan da aka buga a gida ba ya mayar da haske da ƙarfi kamar na kamfani, kuma shi ne ido mai rauni yake fara kasa karantawa. Akwai masu cewa a murɗa ɗan sukurun da ke jikin lezar domin a ƙara mata ƙarfi. Ni ban goyi bayan haka ba ga mai koyo, domin babu yadda za a san iyaka ba tare da na'urar awo ba, kuma ƙarin ƙarfin yana gaggauta mutuwar lezar. Na bar wannan na'ura a kan aikin DVD, na samo wata ta hannu domin CD.

Da na'ura ta biyu ta zo, sai ya bayyana cewa wasu faya-fayan Hajiya ba za su taɓa hawa ba ko da a sabuwar na'ura, kuma ba don sun lalace ba. Faifan bayanai yana da tsarin fayil, ko dai ISO 9660 wanda aka tabbatar a 1988, ko UDF da aka fi amfani da shi a DVD, kuma umarnin blkid yana nuna wanne ne. Faifan sauti zalla kuwa, irin wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, ba shi da tsarin fayil sam, sai jerin waƙafi da teburin da ke nuna inda kowanne ya fara. Biyu daga cikin na tafsirin irin wannan ne, kuma umarnin hawa ya ƙi su yana cewa bai gane tsarinsu ba. Da na bi su da cdparanoia, manhajar da ke ɗauko sauti daga CD, sai karatun ya fito tsaf.

Na bukukuwan sun fi ɗaure kai, domin VCD ne, irin wanda ya cika kasuwannin Arewa kafin DVD ya yaɗu. Shi yana hawa, har a ga jakar MPEGAV da fayilolin DAT a cikinta, amma da an ce a kwafe su a Linux sai a sami kuskuren karatu. Mai gaggawa zai ce faifan ya karce. Gaskiyar ita ce an rubuta bidiyon a sassa masu bayit 2324, saɓanin 2048 da faifan bayanai yake da shi, kuma kwafi na yau da kullum ba ya iya ɗauko su. Manhajar vcdxrip ta fitar da su, VLC kuma tana kunna faifan kai tsaye. Batun shiyya, wato kullen yanki da kamfanoni suke sa wa faifan DVD, ba ya cikin wannan. Saudiyya tana shiyya ta 2, Najeriya da Sudan suna ta 5, amma wannan kulle yana shafar kallon fim ɗin DVD na kamfani ne, ba ya hana faifai hawa, kuma sau 5 kawai na'ura take yarda a saita shiyyarta, don haka kada a ɓarnatar da damar a wajen gwaji.

Akwai kuma waɗanda da gaske sun fara lalacewa. Faifan CD-R yana ajiye bayani ne a cikin wani rini, zafi da hasken rana kuma suna kashe rinin, wanda ya sa barin faifai a mota a zafin Hijaz babbar asara ce. Na ɗaga ɗaya a gaban fitila na ga haske yana ratsowa ta wasu ƙananan huji a gefen da ake rubutu. A CD wannan gefen ne mafi rauni, domin bayanin yana dab da shi, a ƙarƙashin siririn fenti, saɓanin DVD da bayaninsa yake tsakanin roba biyu masu kaurin milimita 0.6 kowace. Idan za a goge faifai a fara daga tsakiya zuwa baki da tsumma mai laushi, kada a bi shi da'ira, domin karcen da ya bi layin bayanin ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. Irin waɗannan ba na jiran su hau. Ina ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, wato kwafinsa a fayil guda, da manhajar ddrescue, ina saita masa bayit 2048 tare da fayil ɗin taswira mai tuna inda aka karanta da inda ya rage, domin ya tsallake inda ya lalace ya dawo masa daga baya, sannan in buɗe hoton maimakon faifan.

Abin da ya rage yanzu shi ne wasu DVD da na'urar take ganinsu amma blkid ba ya nuna komai a kansu, ko da yake idan aka juya bayansu ana ganin zoben da ya canza launi, alamar an yi rubutu. Umarnin dvd+rw-mediainfo ya nuna cewa ba a rufe su ba, wato an ɗauke su da rikodar bidiyo aka cire ba tare da an kammala su ba. Na ware su gefe, kuma ba zan sa su a Windows ba, domin tana iya ɗaukarsu a matsayin fanko ta nemi a shirya su domin sabon rubutu. Hanya mafi aminci ita ce a kammala su a rikoda irin wadda ta ɗauke su, kuma na roƙi Hajiya ta tambayi 'ya'yanta a Kano ko sun tuna samfurinta. Idan akwai wanda yake da rikodar DVD mai aiki a Jidda ko Makka, don Allah ya sanar da ni samfurinta kafin amsar ta iso.