Tsaga 17 a Jikin Ƙarfe

Sana'ata gyaran agogo ce, kuma na daɗe ina jin cewa hannuna ya saba da ƙananan abubuwa. Wata rana wata Hajiya ta aiko jikanta da akwatin ajiye sarƙa, irin wanda idan an ɗaga murfinsa yake sakin kiɗa, ta ce waƙar ta koma tafiya da giɓi. Da na kwance ƙasansa sai na ga biyu daga cikin haƙora 18 na matajinsa, wato fallen ƙarfen da yake fitar da sautin, sun karye. Na samo wani injin irinsa na sauya mata, ta karɓi kayanta. Karyayyen matajin kuwa ya zauna a teburina, kullum sai na ɗauke shi na duba da gilashin aiki, ina mamakin yadda aka tsaga ƙarfe siriri haka, tsagar da takarda ma da ƙyar take shiga. A haka na ƙudura cewa sai na yi nawa.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Sifirin yana juya wata 'yar ganga mai ƙananan ƙusoshi, kowace ƙusa ta ɗaga bakin haƙori ɗaya ta sake shi, haƙorin ya kama rawa, sauti ya fita. Duk wanda ya taɓa kaɗa bambaro ya san irin wannan: harshe ne ɗaure a gefe ɗaya, ɗayan gefen a sake. Na ji daɗi da na gano cewa ɗan sana'armu ne ya fara, Antoine Favre, mai agogo a birnin Geneva, a 1796. Daga baya sana'ar ta yi gida a garin Sainte-Croix da ke tsaunukan Suwizalan, inda kamfanin Reuge ya samo asali a 1865. Ƙananan injuna masu haƙora 18 da suka cika duniya kuwa, da yawansu na kamfanin Sankyo ne na Japan. Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin shi ne, masu aikin farko ɗaya bayan ɗaya suke ƙera haƙoran su ɗaure su da sukuru, sai daga baya aka iya fitar da mataji gaba ɗaya daga falle guda. Ashe su ma tsagar ta ba su wuya.

Na samo wani ƙaramin zarton kafinta da ya tsufa, kaurin fallensa rabin milimita, na yanko gutsure daga jiki. Na sa faifan yanka a ƙaramin injin hannu mai gudu na hau aiki. Tartsatsi ya tashi, tsaga ta fita, amma faɗinta ya kai milimita guda, ga gefenta ya yi shuɗi. Da na taɓa haƙoran sai suka ce "dub" suka yi shiru, ɗaya ma ya lanƙwashe ya ƙi komawa. Zafin faifan ya cinye taurin ƙarfen daidai inda ake buƙatarsa. A lokacin ban karanta shuɗin nan daidai ba, duk da cewa na san shi a jikin hannun agogo. Hankalina yana kan faɗin tsagar, na ɗauka idan na sami abin yanka mafi siriri, magana ta ƙare.

Sai na koma wajen maƙeran zinariya na sayo irin zartonsu, mai igiyar ƙarfe siririya kamar gashin wutsiyar doki. Lamba 4/0 kaurinsa kimanin milimita 0.2 ne, daidai abin da nake nema. Ja biyar, ja shida, haƙoran zarton suka goge, ƙarfen kuwa ko gezau. Na ɓata dozin guda a yini ɗaya.

Akwai wani dattijon maƙeri a bayan kasuwarmu, sa'an mahaifina ne. Na kai masa fallen na gaishe shi.

"Baba, wane irin zarto ne zai ci wannan ƙarfen?"

Ya karɓa ya goga masa magagari, magagarin ya zame bai kama ba. Ya ce, "Ɗana, zartonka ba shi da laifi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan an riga an gama shi, ka zo kana nema ka yi masa aikin farko a ƙarshe."

Ya sa yaro ya zuga wuta, ya riƙe fallen da awartaki har ya yi ja, sannan ya binne shi cikin toka mai zafi a gefen murhu. Ya ce in dawo gobe. Washegari magagari ya kama shi kamar ba shi ba. Ƙarfe mai tauri idan ya yi ja aka bar shi ya huce a hankali, laushi yake yi, idan kuma aka tsoma shi a mai ko ruwa farat ɗaya, sai ya taurare. Na san wannan a karatu. Abin da ban sani ba shi ne a nan aikina ya tsaya, ina can ina neman mafita a shagon kayan aiki. Tun daga ranar na fahimci cewa aikin yana da jeri wanda ba a tsallakewa: a tausasa, a tsaga, a taurara, a sassauta taurin, sannan a daidaita sauti.

Tsagar kanta ta ci mini makonni. Zarton maƙeran zinariya haƙoransa suna kallon mariƙi, wajen jawowa ƙasa yake ci, wajen komawa sama hutawa yake. Dole a ɗaure shi tamau, har idan an taɓa shi da farce ya yi ƙara siririya. Idan ya yi sako-sako, zai bar layi ya bi son ransa. Ana shafa masa kakin zuma lokaci lokaci. Babban abin da hannuna ya ƙi karɓa da wuri shi ne rashin dannawa. Duk sanda na ga saura kaɗan na ƙara ƙarfi, a nan zarton yake tsinkewa ko ya karkace, kuma tsagar da ta karkace tana cin jikin haƙora biyu lokaci guda, ta rame ɗaya ta bar ɗayan da ƙiba. Falle mai rabin milimita kuma ya yi wa zarton siriri, haƙoransa suna sarƙewa a baki. Maganin da na samu shi ne manna fallen da gam tsakanin siraran katako biyu, in zana layukan a saman katakon, in yanka su tare, ina ɗan kwantar da zarton gaba. Katakon yana riƙe zarton a hanya, yana kuma hana haƙoran da aka riga aka tsaga kaɗawa.

Amma darasin da ya fi kowanne girma a wurina ba a faɗin tsaga yake ba, a gindinta yake, wato inda ta tsaya. Na yi ta fama da sirantar tsaga alhali faɗin haƙori kusan bai shafi tsayin sautinsa ba. Kauri da tsawo su ne masu iko. Idan kauri ya ninka, gudun rawar ya ninka. Tsawo kuwa ƙarfinsa ya fi haka: idan aka rage shi zuwa rabi, gudun rawar ninkawa yake sau 4. A fallena mai rabin milimita, haƙori mai tsawon kusan milimita 31 yana rawa sau 440 a daƙiƙa, sautin da makaɗa ke daidaita kayansu a kai. Mai milimita 22 yana ba da ninkinsa, 880. Tsakanin sauti da maƙwabcinsa na kusa, bambancin tsawo kashi 3 ne cikin 100, wato bai cika milimita ɗaya ba a dogon haƙori, a gajere kuma ƙasa da haka. To, tsawon haƙori daga ina yake farawa? Daga inda tsaga ta ƙare. Idan zarto ya zarce da ja biyu, an koma wani sautin, kuma an ja maƙwabcin haƙorin cikin matsalar, tunda tsaga ɗaya iyakar haƙora biyu ce. Abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Mataji na biyu a haka ya lalace, tsagoginsa sun yi kyau a ido, gindinsu kuwa wani ya wuce wani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A mataji na uku, kafin zarto ya taɓa ƙarfe, na zana layi a karkace inda kowace tsaga za ta tsaya, na huda ƙananan ramuka 17 a kansa da abin huda mai rabin milimita, irin wanda muke amfani da shi a agogo. Kowace tsaga ta tafi ta faɗa raminta ta tsaya. Hannu yana jin sanda zarto ya faɗa, ba sai ido ya faɗa masa ba. Daga baya na ga wani amfanin ramukan: gindin tsaga mai kusurwa nan ne ƙarfe yake fara tsagewa idan an tsoma shi a mai, mai zagaye kuwa yana raba wahalar. Yinin da na kashe wajen awo da hudawa ya fi yinin yanka tsawo, kuma a ganina a nan aka yi matajin.

Taurarawa ta sake mayar da ni wajen Baba. Ya ce kada in yarda da idona da rana, jan ƙarfe yana ruɗi a cikin haske, don haka bayan magariba muka yi. Ni kuma na zo da maganaɗisu, domin ƙarfe yana daina kama shi a wajen digiri 770, kuma kaɗan sama da nan ake so. Ya duba ya ce dabara ce mai kyau, shi dai ya saba da launi. Siririn falle ba ya jira, daƙiƙa kaɗan tsakanin wuta da mai sun isa ya huce, saboda haka gwangwanin man yana dab da murhu. A tsaye ake tsoma shi, ba a kwance ba. Duk da haka mataji na uku ya fito a murɗe, haƙoransa sun baje kamar yatsu. Na sa hannu in miƙar da ɗaya, ya ɓalle kamar gilashi. Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan, don mako biyu ne suka tafi a ɓallewa ɗaya.

Baba ya ce, "Wanda ya fito daga mai ba a taɓa shi, ɗana. Sai an lallashe shi da wuta kaɗan."

Wannan lallashin a teburina yake tun da daɗewa. Masu agogo suna shuɗa hannun agogo da ƙananan sukuru a kan garin tagulla da aka ɗora a wuta, domin zafin ya shiga daidai ko'ina. Na goge mataji na huɗu da samfefa har ya yi fari, na kwantar da shi a kan garin, na zuba ido. Launi ya fara da ruwan kara, ya koma ruwan ƙasa, ya yi shunayya, sannan shuɗi, wajen digiri 300. A nan ake ɗaukewa, a nan ƙarfe yake zama sifirin. Shuɗin da ya kashe mini mataji na farko shi ne wanda nake nema yanzu, sai dai wancan ya zo a gurguje, a gefe ɗaya, ya kuma wuce iyaka inda faifan ya taɓa. Don in gyara 'yar murɗewar da ta rage, na matse matajin tsakanin ƙarafa biyu masu shafaffen jiki na sake ɗumama shi, ya fito a miƙe. Wani abu da ya ba ni mamaki: tauri bai sauya tsayin sautin sosai ba, abin da ya sauya shi ne tsawon numfashinsa. Haƙorin da a da yake cewa "dub" yanzu yana jan sautinsa har ya ɓace a hankali.

Daidaita sauti aikin magagari ne da kunne, da manhajar auna sauti a waya. Idan aka rage bakin haƙori, sauti ya hau. Idan aka rage kaurinsa kusa da gindi, ya sauka. Ɗigon dalma a ƙarƙashin baki ma yana saukar da shi, kuma haka masana'antu suke yi wa haƙoran sautuka masu kauri don kada mataji ya yi tsawo da yawa. Sai an ɗaure matajin tamau a mazauninsa ake aunawa, in ba haka ba awon ƙarya ne. Kuma ba jerin sautuka ake bi kai tsaye ba, waƙar ake bi. Sautin da yake maimaituwa da sauri ana ba shi haƙora biyu, domin idan ƙusa ta taɓa haƙorin da bai gama rawa ba sai a ji ƙara mara daɗi. A manyan akwatuna na da har gashin tsuntsu ko siririyar waya ake sa wa a ƙarƙashin baki don ta tsayar da rawar kafin ƙusa ta iso. Ni ban kai nan ba tukuna. Gangata ta katako ce, da hannu ake juya ta, ƙusoshinta kuma guntayen fil ne.

A hannu, sautin matajin bai fi na sauro ba. Da na ɗaure shi a kan akwatin katako mara komai a ciki, sai ya cika shagon. Na ɗauka na kai wa Baba. Ya sa yaron ya dakata da zuga-zugi, ya kara kunne, na juya sau biyu.

"Sake juyawa," in ji shi. Da na sake, ya ɗaga yatsa a wani wuri. "Wannan numfashinsa gajere ne. Akwai abin da yake taɓa shi."

Na sa gilashi na duba. Haƙori na 11 ne. Wani ɗan kaifi da zarto ya bari a gefensa yana gogar maƙwabcinsa, abin da bai kai kaurin gashi ba. Na ninke samfefa mai laushi na zura a tsagar, na ja sau uku, na sake juya gangar. Baba ya gyaɗa kai, ya ce wa yaron ya ci gaba da zuga. Kafin in tafi na miƙa masa sabon falle, wanda nake so in fitar da haƙora 24 daga jikinsa, ya sa shi a wuta, ya binne a toka, ya ce in dawo gobe.