Ranar da na goge "gwaji2"

Wurin da na fara aiki a Gombe ƙaramin kamfani ne a wajen Jekadafari. Saba uku, wato manyan kwamfutocin ajiye bayanai, muke da su a ɗaki guda, muna riƙe wa wasu makarantun kuɗi bayanansu. Wata manhaja mai suna Proxmox muka ɗora a kansu, muka yanyanka kowace saba zuwa ƙananan kwamfutocin da ba a taɓa su da hannu, waɗanda ƴan sana'a ke ce wa VM. Ni kallon gidan haya nake yi wa abin: saba ce gidan, kowace VM ɗan haya da ɗakinsa. Ba da ɗaki aikin minti biyar ne. Tayar da ɗan haya ne ba wanda ya koya mini, kuma a nan na sha ƙasa.

Ga yadda aka yi, ƙannena. Wata rana zan sabunta manhajar wata VM, sai na ɗauki sinafshot, wato hoton yadda diskinta yake a lokacin, don in aka samu matsala in koma baya. Sabuntawa ta tafi lafiya, na manta da hoton. Abin da ban sani ba shi ne, muddin yana nan, ba a sakin tsofaffin bayanan da aka canza, sai sababbi su yi ta taruwa a gefe. VMware ma, masu wata manhaja irin Proxmox, suna ba masu amfani da manhajarsu shawarar kada sinafshot ya wuce awa 72. Nawa ya yi watanni.

Ƙari a kan haka, mun raba wa ƴan hayar fili fiye da wanda diskin ke da shi, bisa tunanin ba za su cika ɗakunansu lokaci guda ba. Ana yin haka a ko'ina, amma da sharaɗin ido na kan ma'auni. Nawa idon yana wani wuri.

Da rana tsaka, cikin zafin Afrilu, diskin ya cika maƙil. VM suka daskare ɗaya bayan ɗaya. Waya sai ruri take, oga na tsaye a kaina yana cewa, "Malam, yi wani abu mana!" Na duba jerin, na ga wata mai suna "gwaji2". Gwaji ai gwaji ne. Proxmox ya ce in rubuta lambarta don tabbatarwa, na rubuta ko ɗar ban ji ba, na goge.

Ashe wani abokin aikina da ya bar wurin ne ya kafa ta don gwada manhajar sakamakon jarrabawa, wata makaranta ta ji daɗinta ta ci gaba da zuba maki a ciki, ba wanda ya canza mata suna. Ba ta cikin jerin waɗanda ake kwafa kowane dare, saboda wa zai ɓata fili a kan gwaji? Malaman makarantar sun kwana biyu suna sake shigar da maki daga takardu. Har yau in na haɗu da ɗayansu a kasuwa, a sunkuye nake gaishe shi.

Tun daga nan ba na buɗe VM sai na cika gurbin bayaninta: wa ya nema, lambar wayarsa, me take yi, ranar da za a sake waiwayarta. In mutum ya ce "ta ɗan kwana biyu ce kawai", ita na fi tsananta wa, don irinsu ne ke shekara. Mai muhimmanci kuwa ina kunna mata makullin kariya da Proxmox ke da shi, wanda ke hana gogewa sai an cire shi da gangan. Da "gwaji2" na da shi, da na tsaya na yi tambaya.

Gogewar ma yanzu a hankali nake yin ta. In kashe VM ɗin, in bar ta wata guda. Mai ita zai yi kuka in tana da mai. In shiru, in kwafe ta zuwa wata na'ura daban, in tayar da kwafin in ga ya tashi, sannan in goge. Kada ku tsallake tayarwar nan. Kuma ku daina lissafa sinafshot a matsayin ajiya, tunda diski ɗaya suke kwana da abin da yake karewa.

Akwai kuma tsufa. CentOS 7, wani tsarin aiki da ake ɗora wa VM, ya daina samun gyaran tsaro ranar 30 ga Yunin 2024, amma VM ba ta furfura, haka za ta yi ta aiki shiru da ƙofa a buɗe. Ku rubuta ranar ƙarewar tsarin da kuka ɗora tun ranar ɗorawa.

Sai batun wuta, wanda duk ɗan Gombe ya sani. Ku tsara wa zai fara tashi in janareta ya kama: rumbun bayanai tukuna, a ba shi ɗan jinkiri, sannan manhajojin da suka dogara da shi. Makon jiya na kashe sabarmu ɗaya da gangan bayan la'asar, na sake kunna ta don in ga jerin, sai ga wata VM ta tashi wadda ban ma san da ita ba. Sunanta "sabo". Na kashe ta, na rubuta kwanan wata, ina jiran wanda zai kira.