Sai ki zo da maigidan

Ni ma na taɓa zama a bencin masu neman haihuwa, kati a hannu, kafin yau da nake ungozomar da ke kiran sunaye. Na san yadda ranar suna a gidan maƙwabta ke yi wa mutum nauyi. Shi ya sa idan mace ta shigo tana sunkuyar da kai, ba na tambayarta shekarunta nawa da aure sai na tura ƙofa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan an shekara ana saduwa ba tsarin iyali, ciki bai shiga ba, lokacin bincike ya yi. A rahotonta na 2023 ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da wannan a rayuwarsa. Amma a nan Katsina, mace ce ke zuwa ita kaɗai. Ta sha rubutu, ta sha saiwa da sassaƙe, an yi mata hoton nan mai zafi da ake tura ruwa cikin mahaifa don a ga ko hanyar ƙwai ta toshe. Shi kuwa gwajin maniyyi, da ba allura ba zafi, ya gagari maigida.

Wata daga Jibiya na ce mata, “Yaya, sai ki zo da maigidan.” Ta ce, “Malama, ai lefe yake haɗawa.”

Yanzu takarda nake rubuta wa mazan, in rufe a ambulan, da bayanin su ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin. Wasu na zuwa, galibi bayan la’asar, lokacin da layi ya watse.