Tarihin Rayuwata kashi na 14: Dangin Mai Wurno da dajin Dindir

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda aka bamu hutu a Jami'ar Ifrikiya dake Khartum, farkon 2017 kenan lokacin sanyi, abokai kowa ya kama gabansa wasu gida Najeriya wasu umara, ni kuwa kuɗin jirgi babu, sai Baba ya kirani a waya yace toh tunda ba gida zaka zo ba ga aiki zan saka ka, ka shirya kaje Mai Wurno ka nemo mana mutanenmu, zumunci a ƙafa yake kuma kai Allah ya kai kusa dasu.

Bari in ɗan yi muku bayanin ko su waye. Kakana wanda ya haifi Baba yana da wa, Malam kowa ke ce masa, shi ne ya tashi daga ƙauyenmu na ƙasar Haɗeja da matarsa da yara biyu da jaki da niyyar sauke farali a ƙasa, tun kafin Najeriya ta samu mulkin kai a 1960, kuma bai sake dawowa ba. Mun taso muna jin ana cewa muna da dangi a gabas, da can wasiƙar ajami ce take zuwa ta hannun alhazai, daga baya kaset, daga nan kuma shiru na shekaru har sai da wani alhajin garinmu ya haɗu da ɗaya daga cikin jikokin a Makka ya karɓo lamba. Lambar nan ita kaɗai nake da ita a hannu.

Da asuba na tafi Mina Barri, babbar tashar mota ta Khartum, na hau bas ɗin Sinnar. Hanyar ta bi ta Wad Madani, kana tafe kana ganin gonakin Jazira ko'ina magudanan ruwa, alkama kore shar ga auduga, ƙasa shimfiɗe babu ko tudu har inda ido ya ƙare. Duk ruwan nan daga madatsar Sinnar yake fitowa wadda Turawan Ingila suka gama ginawa a 1925 a kan kogin Shuɗin Nilu, kuma gumin mutanenmu yana cikin gonakin nan sosai domin mahajjata da yawa a nan suka riƙa tsintar auduga suna tara kuɗin jirgin ruwa. Daga Sinnar ƙaramar mota na shiga, tafiyar ba nisa ta kudu a bakin kogi sai gani a Mai Wurno.

Wanda bai san garin ba, sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ci, wato Muhammadu Bello Mai Wurno. Bayan Turawa sun ci Sakkwato Sarkin Musulmi ya yi hijira ya nufi gabas da jama'arsa, aka tare shi a Burmi ya yi shahada a 1903, ɗan nasa ya ja ragowar mutane suka ci gaba har suka zo bakin kogin nan suka kafa gari. Har yau suna da sarkinsu, kuma a kasuwa zaka ji Fulatanci ka ji Hausa ka ji Larabci duk a rumfa guda.

Wanda ya zo tarbata jikan Malam ne, ya girme ni don haka Yaya nake ce masa, fara ƙal ɗin jallabiya da rawani, in ka ganshi ba zaka ce ba Basudane ba ne sai da ya buɗe baki yace sannu da zuwa ɗan'uwa, ya dafa kafaɗata irin gaisuwarsu sannan ya rungume ni. Muna shiga gida na tarar da tsoho zaune kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, wallahi sai da gabana ya faɗi, kamannin kakana sak, hancin, goshin, har yadda yake riƙe carbi. Baffa kenan, ɗaya daga cikin yaran nan biyu da aka tafi dasu. Na durƙusa na gaishe shi, ya kama hannuna bai saki ba yana ta cewa ɗan wane ne, ɗan wane ne, Allah mai iko. Ƙanwarsa Goggo wadda aka goyo a baya lokacin tafiyar ita kuka kawai take yi tana shafa kaina.

Tambayoyin da suka yi min su suka fi taɓa min zuciya. Goggo ba ta tuna komai na gida amma ta haddace sunayen mutane daga bakin mahaifiyarta, sai ta riƙa jero su, wance tana nan? wane fa? ni kuma ina cewa Allah ya yi musu rasuwa Goggo, wasu tun ba a haife ni ba, kowanne sai ta tsaya ta yi masa addu'a kafin ta kira na gaba. Baffa kuma tsamiyar ƙofar masallaci yake tambaya da rijiyar bayan gari. Na kira Baba na miƙa masa wayar, dattawa biyu da ba su taɓa ganin juna ba suka yi ta magana har kati ya ƙare.

Cin abinci kuwa ba'a magana, kisra da miyar busasshiyar kuɓewa, asida, kifin kogi soyayye don akwai masunta a gidan, da yamma agashe, shayi da jabana, wato gahawa, kuwa ba iyaka, duk gidan da aka kaini gaisuwa sai na sha. Amma ranar da na kwana biyu Goggo da kanta ta tuƙa min tuwon dawa miyar kuka, tace daddawa ce kawai ba ta samu irin ta gida ba.

Da daddare Baffa yake bani labarin hanya. Ta Borno suka bi suka shiga Chadi, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Adre, suka shigo Janaina, a yi tafiya a tsaya a yi noma ko ƙwadago damina ta wuce a ƙara gaba, har Ubayyid inda suka fara ganin jirgin ƙasa. Malam ya yi aikin auduga ya tara abin da ya tara, ya tsallaka ta Sawakin zuwa Jidda ya sauke farali ya dawo wajen iyalinsa, aka ce bana za'a koma gida, baɗi za'a koma gida, har ƙasa ta rufe masa ido a nan. Abin da Baffa ya fi tunawa a matsayinsa na yaro namun daji ne, yace sun sha kwana da wuta a kewaye saboda kura da zaki, sun ga raƙumin dawa yana cin ganyen ƙaya, jimina tana tsere da inuwarta. Sai ya tambaye ni wai har yanzu gwanki yana shigowa fadamarmu? Nace Baffa ni ban taɓa ganin gwanki ba, zaki ma sai a gidan zu na Kano cikin keji. Yayi shiru, can ya kira Yaya yace ka nemi mota ka kai yaron nan Dindir kafin ya koma.

Haka kuwa akayi. Yaya yana da aboki mai Landkuruza, muka haɗa kuɗin mai muka ɗauki ruwa da burodi da garin shayi da barguna, muka tsallaka kogi zuwa garin Dindir inda ake karɓar takardar izini a ofishin 'yan sandan kula da namun daji, suka haɗa mu da askari guda da bindigarsa. Daga nan babu kwalta, fiye da kilomita 100 a kan baƙar laka wadda ta bushe ta tsattsage, da damina ko tarakta ba ta iya ratsa ta shi yasa sai da rani ake shiga. Gandun namun dajin na Dindir tun 1935 aka keɓe shi, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 10,000 ya dangana da iyakar Habasha, kogin Dindir da na Rahad duk daga tsaunukan can suke gangarowa. Mun wuce manyan gonakin dawa da riɗi da aka girbe, sannan daji ya fara, dushe da aduwa da magarya, bakin kogi kuma goruba ce jere. Kogin kansa yashi ne zalla a lokacin sai 'yan kududdufai nan da can.

Da la'asar sakaliya muka isa sansanin Galagu, gwaggon biri ne suka fara tarbarmu garke guda, manyan suna zaune kan hanya ko gezau, uwaye da 'ya'ya maƙale a ciki. Askarin yace mu rufe gilas mu ɓoye abinci. Daren nan ban yi barcin kirki ba, wajen tsakar dare na ji wani gurnani daga can ƙetaren kogi, yana farawa da ƙarfi sai ya riƙa sauka yana yankewa, a ƙirji kake jinsa kafin kunne. Yaya ya taɓo ni a duhu yace ka ji manya ko, nace na ji Yaya. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, kuma duk da tsoron ban so ya daina ba.

Da sassafe bayan sallah muka fita zuwa maya, wato fadamun da ruwan damina ke kwanciya a ciki ya kai har rani, duk wata dabba ta dajin dole ta biyo nan. Direba ya kashe mota nesa kaɗan muka lallaɓa bayan askarin. Jama'a abin da na gani ba zan manta ba, ɓauna ce garke, baƙaƙe wuluk jikinsu duk taɓo, balbela na bin ƙafafunsu carki na kan gadon bayansu yana cirar kaska. Wani babban namiji ya ɗago kai ya kafe mu da ido, ƙahonsa ya haɗe a goshi kamar an kifa masa akushi, hancinsa na sheƙi yana shaƙar iskarmu, ciyawa na rataye a bakinsa ya daina tauna. Askarin ya ɗaga hannu alamar kar wanda ya motsa. Mun daɗe a haka kafin ya yi huci ya juya, sauran suka bi shi a hankali cikin dogayen ciyayi.

Gadu kuma a gabanmu kaɗan yake, ya durƙusa kan gwiwoyinsa na gaba yana tonon saiwa yana jan jiki a haka, da ya ankara damu sai ya miƙe wutsiya sama tsaye ya zura da gudu 'ya'yansa na biye a layi. Akwai wasu masu kama da barewa manya da ƙanana da ban san sunansu ba na dai ɗauke su a waya. Tsuntsaye kam ko a fadamar Baturiya ta ƙasar Haɗeja ban ga irin wannan taro ba, gauraka da kwasakwasa da borin tunke da dinya da kirinjijiya, zabin daji kuwa sai sun tare hanya. Zakin bamu ganshi ba, sawunsa muka gani sabo a yashin kogi, na sa tafin hannuna a ciki.

Na tambayi askarin raƙumin dawa, yace an daɗe da rasa shi a nan. Manyan gonakin tarakta sun cinye wuraren da dabbobin ke fita kiwo da damina, ga makiyaya na shigo da shanu, ga mafarauta, ga masu ɗiban zuma na sa wa daji wuta, wasu fadamun ma ƙasa ta cike su. Raina ya ɓaci domin irin abin da ya cinye namu dajin kenan, mu har mun wuce nan, yaro ya tashi a ƙasar Hausa ya san kura da zaki a tatsuniya kawai, kuma ba wanda ya ɗauki hakan asara.

Da muka dawo Mai Wurno na zauna gefen gadon Baffa ina nuna masa hotuna, ya sa tabarau ya matso da wayar dab da fuskarsa. Waɗanda ban sani ba shi ya riƙa faɗa min, wannan gwambaza ne, wannan kwanta-rafi, wannan mai zane a jiki mazo, ƙaramar nan batsiya. Yaya da Larabci ya sansu, ni ban sansu da kowane harshe ba, tsohon da ya bar gida yana yaro shi ya riƙe su. Na ɗauko biro na rubuta a bayan littafina, jikokinsa suka kewaye mu suna maimaitawa suna dariya. Ba mu samu gwanki ba, yace ba komai wata rana ka gani.

Yanzu da nake rubuta wannan hankalina yana wajensu, kun san yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, a 2024 ya kai jihar Sinnar har garin Sinja da Dindir ɗin da muka karɓi takarda, zamu zo kan wannan a gaba, ku dai saka su a addu'a.

Ana gobe zan koma Khartum Goggo ta ƙulla min dabino da zoɓo da turaren wuta tace in kai wa Inna. Bayan isha'i Baffa ya sallami kowa yace in matso, ya rage murya yace ɗana akwai maganar da Malam ya bar min wasiyya, gonarsa ta bakin fadama wadda ya bar wa ƙaninsa amana, yanzu a hannun wa take? Ni kuwa na san gonar sarai, ita muke nomawa tun ina yaro, kuma na san an sayar da rabinta shekarar da za'a biya min kuɗin makaranta. Amsar da na bashi da yadda muka yi da Baba a waya sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.