Wata Goma Sha Biyun Farko: Abin da Na Koya Game da Ma'aurata a Birtaniya

A ƙarshen wannan zango zan bar aikin karɓar ɗalibai baƙi a wata jami'a da ke arewacin Ingila, shi ya sa nake son in ajiye wasu abubuwa a rubuce domin masu zuwa da iyalinsu. Ba zan tsaya kan buɗe asusun banki da neman lambar biyan haraji ba, duk wanda ya sauka zai same su a takardar farko da za a miƙa masa. Abin da na ga ya fi dagula wa ma'aurata shekararsu ta biyu shi ne lasin tuƙi, kuma da wuya a ji an ambace shi a makon tarbar ɗalibai.

Tun daga Janairun 2024, ɗalibin da aka yarda ya kawo matarsa, ko ɗalibar da aka yarda ta kawo mijinta, galibi mai digirin bincike ne, irin su digirin digirgir, ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ke nan zaman shekara uku ne zuwa huɗu, ba na wata goma sha biyu da za a daure a wuce ba. Lasin Najeriya, ko na Nijar, ko na Ghana, yana aiki a Birtaniya na wata 12 kacal daga ranar da mutum ya fara zama a ƙasar. Ba a musanya shi da na Birtaniya kamar yadda ake yi wa na wasu ƙasashe, kuma zuwa gida hutu a dawo ba ya sabunta lissafin. Idan watannin suka cika, dole mutum ya riga ya ci jarrabawar tuƙi ta ƙasar, in ba haka ba ya koma matsayin ɗan koyo.

Mutane suna jin wata 12 sai su ɗauka lokaci na nan birjik, alhali rabinsa ne kawai a hannunsu. Doka ta ce sai mutum ya zauna kwana 185 a ƙasar kafin ranar da zai zauna jarrabawa, ta kwamfuta ko ta hanya. Wanda ya sauka a Satumba ba zai iya zama ta kwamfuta ba sai cikin Maris. Kuma ba a ba ka ranar jarrabawar hanya sai ka ci ta kwamfuta. A cibiyoyi da yawa jiran ranar kan kai wata biyar zuwa shida, wanda ya dawo da mu Satumba, daidai ƙarewar wa'adin. Faɗuwa sau ɗaya a kowanne daga cikin biyun ta isa ta bar iyali da mota a ƙofar gida babu mai ikon tuƙa ta.

Don haka tsarin da ke aiki shi ne a nemi lasin koyo tun watannin farko, kuɗinsa fam 34 ta intanet. Karɓarsa ba ya hana ka ci gaba da tuƙi da lasinka na gida har wa'adin ya cika. A fara karatun dokokin hanya tun cikin hunturu, a kama ranar jarrabawar kwamfuta a makon da kwana 185 ke cika. Kuɗinta fam 23, tambaya 50 ce, ana son 43 daidai, sai sashe na biyu na hango haɗari a bidiyo inda ake son maki 44 cikin 75. Wannan sashe na biyu shi ke kayar da tsofaffin direbobi, domin kwamfutar tana auna daidai lokacin da ka danna ne, idan ka yi ta dannawa barkatai kuma ta ba ka sifili a wannan bidiyon. Ranar da aka ci, a ranar za a nemi ta hanya, fam 62 a ranakun aiki, sannan a riƙa leƙa shafin hukumar jarrabawar tuƙi ko wani ya janye a samu rana mafi kusa.

Jarrabawar hanya wajen minti 40 ce. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babba guda ɗaya ya kayar da kai, kuma waɗanda ke cinyewa a ƙasar wajen rabin masu zama ne kawai. Wanda ya shekara goma yana tuƙi a gida ya fi kowa buƙatar malamin tuƙi, ko da na awa goma ne, saboda hannunsa ya riga ya saba da abubuwan da mai jarrabawa ke hukuntawa: shiga shataletale ba tare da barin na dama ya wuce ba, sauya layi ba a juya kai an duba kafaɗa ba, matse motar gaba. Wanda ya yi jarrabawa da mota mai sauya giya da kanta, lasinsa bai ba shi izinin tuƙa mai giyar hannu ba, sai a yi wannan shawara kafin a sayi mota.

Abin da ke faruwa da wanda ya ƙi lissafin nan ya ci gaba da tuƙi yana da ciwo. Inshorarsa an gina ta ne a kan cewa yana da ingantaccen lasin. Idan aka yi haɗari, kamfanin na iya ƙin gyara motarsa, ya kuma bi shi kuɗin da ya biya wanda aka buge. Tuƙi babu inshora tararsa fam 300 ce da makin laifi shida a kan lasin, 'yan sanda na iya ɗauke motar nan take, idan aka je kotu kuma abin ya fi haka. Wanda ya ci jarrabawa sabo-sabo, idan makinsa ya kai shida cikin shekara biyun farko, ana soke lasin ya koma farko. Fom ɗin sabunta biza ma yana tambayar irin waɗannan laifuka. Ga wani tarko da ke kama mutanen kirki: a can inshora tana bin sunan direba ne. Matar da ba a sa sunanta a takardar ba, ba ta da izinin tuƙa motar mijinta ko zuwa kanti ne, haka nan aron motar aboki domin fita ƙarshen mako, kuma wanda ya ba da aron shi ma ya yi laifi.

Na daɗe a kan wannan ne saboda wanda ke ɗaukar nauyin kuskuren ba ɗalibin ba ne. Shi yana da ofis, da abokan bincike, da malamin da ke jiran babi na gaba. Wadda ta biyo shi ce ke wuni a gida mai ɗaki ɗaya, a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba, ba ta san maƙwabci ko ɗaya ba. Idan mijin ne ya biyo matar, abin bai sauya ba, sai ma ya ƙaru da kunyar faɗa. Na sha kai maganar gaban wadda ke shugabantar sashenmu, cewa a ware ko da yini ɗaya ne domin iyalan ɗalibai, amsar kullum ita ce jami'a ɗalibi ta ɗauka, ba iyalinsa ba. Har yau ban yarda da wannan amsa ba. Gwamnati ta karɓi fam 776 na kiwon lafiya a kowace shekara a kan kowane mutum a gidan, ɗalibin da rabin hankalinsa ke gida kuma ba ya gama bincike a kan lokaci. Tunda ofis ba zai yi ba, ma'auratan su yi wa kansu: su biyun su nemi lasin tare, kuma idan kuɗin malami na mutum ɗaya ne kawai ake da shi, wanda ke zaune a gida ya fi cancanta, domin shi ne zai kai yara makaranta, shi ne kuma bizarsa ta ba shi damar aiki cikakken lokaci, ba awa 20 a mako da aka ƙayyade wa ɗalibi lokacin karatu ba.

Fita karkara kuwa ba sai an jira mota ba, kuma ban ɗauke ta a matsayin almubazzaranci ba. Ma'auratan da suke fita daga gari sau ɗaya ko biyu a wata su ne na ga suna cin hunturun farko ba tare da sun tsani ƙasar ba. Akwai katin jirgin ƙasa na mutum biyu, Two Together Railcard, mai rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, da sharaɗin ku biyun da sunayenku ke jiki kuna tafiya tare, a ranakun aiki kuma sai daga ƙarfe tara da rabi na safe. Daga Manchesta ko Sheffield, jirgi bai kai awa ɗaya ba zuwa Edale a tsakiyar Peak District, gandun shaƙatawa na farko da ƙasar ta ware a 1951. Daga tashar, tudun Mam Tor mai tsayin mita 517 ya dace da fitar farko. Masu zuwa yankin tafkuna na Lake District su sauya jirgi a Oxenholme zuwa Windermere, daga nan bas mai lamba 555 yana ratsa Ambleside da Grasmere har Keswick. Daga Landan, jirgin Paddington yana sauke mutum a Moreton-in-Marsh, bakin ƙauyukan Cotswolds. Abin da za a duba tun a gida shi ne lokacin bas ko jirgin ƙarshe na dawowa, musamman ranar Lahadi, domin wasu ƙauyukan ba su da bas ko ɗaya a ranar, tasi kuma sai an yi odarsa tun da wuri.

Yawancin filayen da ido ke gani gonakin mutane ne. A Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa da doka ta ba kowa izinin bi ta cikin gonar wani, kusan kamar burtali, ana gane su da kibiya mai ruwan ɗorawa, shuɗiyar kibiya kuma ta nuna hanyar da dawaki da kekuna ma ke bi. An sha gwagwarmaya kafin a kai nan. A 1932 ɗaruruwan mutane suka hau Kinder Scout, dab da Edale, da gangan ba da izinin masu filin ba, aka ɗaure wasunsu. Dokar 2000 ta buɗe wasu tsaunuka da dazuzzuka ga masu tafiya, Sikotilan kuma tata dokar ta 2003 ta fi faɗi. Ka'idar ita ce a tsaya kan hanya, a bar ƙofar shinge yadda aka same ta, a kwashe shara. Saniya mai ɗan maraƙi ba a ratsa tsakaninta da ɗanta, a zagaye ta nesa, shanu suna kashe masu tafiya a ƙasar.

Abin da ke lalata fitar farko yawanci tufafi ne. Ana duba yanayin gari, a ga rana, a fita da takalmin zuwa ofis da wandon jins. A kan tudu iska ta fi ƙarfi, sanyi ya fi na gindinsa da digiri da yawa, ruwa kuma na iya saukowa cikin rabin awa. Auduga idan ta jiƙe tana riƙe ruwa ta janye ɗumin jiki. Ana son riga uku a jere: ta ciki wadda ba auduga ba, ta tsakiya mai ɗumi, ta sama mai hana ruwa, sai takalmi mai ƙwaƙƙwaran tafi. Mai sa doguwar riga ko zane ta sa wando mai ɗumi a ciki, ta kuma ɗage tsawon ya tsaya a idon sawu saboda laka da matakalar tsallake shinge. A sauke taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar ƙasar, a waya tun a gida, domin sabis yana ɗaukewa a kwari, a riƙe tocila daban, waya ba ta jimrin sanyi. Daga Nuwamba zuwa Janairu a tsara tafiyar da za a sauko kafin ƙarfe uku. A watannin nan azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna, sai a yi alwala tun a tasha a ɗauko 'yar shimfiɗa mai hana ruwa. Idan wani ya ji rauni a kan tudu, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce musu ana buƙatar masu ceto a tsauni. Daga bazara zuwa kaka a duba jiki da yamma saboda kaska, tana ɗauke da cutar Lyme. A cire ta da ɗan hantsaki daga dab da fata, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai.

Wanda ya samu mota ya sani cewa alamar farin da'ira mai baƙin layi a hanyar ƙauye tana nufin iyakar mil 60 a awa, wajen kilomita 96, amma a hanyar da shingen ciyayi ya rufe kwana, rabin haka ma gudu ne. Wasu hanyoyin mota ɗaya suke ɗauka, da wuraren kaucewa a gefe, kuma ba a ajiye mota a wuraren nan don ɗaukar hoto. A Wales, tun Satumban 2023, yawancin titunan cikin gari mil 20 ne.

Sauran darussan gajeru ne. Ku yi rajista da likitan unguwa a makon farko, ku biyun, kyauta ne, kada a jira ciwo. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba masu baƙar fata da masu rufe jiki shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum, duk shekara. Kuɗin ajiyar haya a Ingila bai kamata ya wuce na mako biyar ba, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun kariya cikin kwana 30; a ɗauki hoton kowane lungu ranar shiga. Takardar harajin ƙaramar hukuma idan ta zo da sunan matar ko mijin ɗalibi, kada a yi gaggawar biya, kada kuma a jefar da ita: a karɓi shaidar ɗalibta daga jami'a, a haɗa da shaidar bizar da ta hana cin tallafin gwamnati, a nemi a yafe. Agogo yana komawa baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, jadawalin wasu bas na karkara yana raguwa a daidai wannan lokaci, sai a sake duba shi kafin fitar Nuwamba.