Mako na shida: kalangu ya shiga kwamfuta

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Yau makona shida da fara ɗaukar sauti a ɗaki, kuma sai wannan karon na samu abin da na saurara har ƙarshe hankalina kwance.

Kayan aikin ba su canza ba: tsohuwar laftof, manhajar Audacity da ake samu kyauta, ƙaramin akwatin sauti mai shiga ta USB, da makirufo irin wadda ba ta aiki sai an kunna mata wutar 48V. Ɗakin na gyara. Bangona siminti ne, ƙasa kuma tayil, in ka tafa hannu sai ka ji ƙarar ta dawo maka. Na jingine katifa a bango, na rataye barguna biyu a bayana, na shimfiɗa kafet. Fanka ma dole a kashe ta, zufa kuwa sai haƙuri. Wanda ke tara kuɗin sabuwar makirufo, ina roƙonsa ya fara gwada wannan tukuna.

Akwai wani gurnani da ya daɗe yana bin duk abin da na ɗauka. Ashe ta cajar laftof yake shigowa. Ina zare ta, ya ɗauke ɗif. Yanzu da batir nake aiki, bayan sallar asuba, kafin janaretocin unguwa da 'yan adaidaita sahu su tashi.

Ranar Asabar wani dattijo maƙwabcinmu, makaɗin kalangu, ya amsa gayyatata. Ɗaukar farko ta lalace, domin na kusanto da makirufo dab da fatar, bugu ɗaya sai ma'aunin ƙarfin sauti ya kai 0 dB, wato iyakarsa ta sama, ya yi ja. Sautin da ya fashe haka da wuya ya gyaru, gara a sake. Na ja makirufo baya kamar kamu biyu, na karkatar da ita gefe, na rage ƙarfin shiga har bugu mafi ƙarfi ya tsaya kusa da -10 dB. Sai ga kalangu yana magana: in Baba ya matse tsirkiya a hammata murya ta hau, in ya saki ta sauko, duk ana ji tar.

Har ɗan kukan da tsirkiyar ke yi in an matse ta ya shiga. Na ce, "Baba, bari in goge wannan." Ya cire abin sauraro daga kunne, ya ce, "A'a ɗana, bar shi. Da shi ake sanin hannu ne ya yi." Na bari, kuma da na sake saurara na ga gaskiyarsa.

Abin da ya rage mini shi ne ɗora murya a kan kiɗan. Duk yadda na bi bugun, muryar tana zuwa a makare kaɗan, saboda jinkirin da sauti ke yi tsakanin akwatin da kwamfuta. Audacity na da wurin saita wannan jinkirin. Mako mai zuwa zan kunna ƙwanƙwasa ta abin sauraro, in ɗauke ta da makirufo, in auna tazarar da ke tsakanin ta asali da wadda na ɗauka, in shigar da adadin. Wanda ya riga ya yi, ya faɗa mini nawa ya samu.